Daga Kwatano Zuwa Gaya: Bin Sawun Tuwon Biri

 Hanyar da ta taso daga bakin teku a Kwatano ta miƙe arewa har Yamai ta haura kilomita 1,000, kuma kowa da abin da yake ƙirgawa a kanta. Direban babbar mota yana ƙirga shingaye, ɗan kasuwa yana ƙirga kuɗin fito, ɗalibi yana ƙirga kwanakin hutun da suka rage masa. Akwai wani lissafin da ba a cika yi ba, shi ne na itatuwa: wanne ke raka matafiyi, a ina yake tsayawa, kuma me ya tsayar da shi. A wannan fitowa muna so mu bi sawun icce ɗaya daga cikinsu, domin tambayarsa ta yawaita a gidajenmu, kuma ruwa da kuɗi da lafiya duk sun shiga cikin maganarsa.

Iccen shi ne tuwon biri, wanda ake ce wa korosol da Faransanci, masana kuma suka yi masa suna Annona muricata. Ba dogo ba ne, da wuya ya wuce mita 8. Ganyensa kore ne shar mai sheƙi, idan an murza shi yana da ƙamshi mai ƙarfi. Ɗansa kore ne mai ƙayoyi masu laushi, yakan kai kilo 1 zuwa 4, cikinsa fari tas kamar auduga, da baƙaƙen ƙwallaye, ɗanɗanonsa kuwa zaƙi ne da ɗan tsami-tsami.

Baƙo daga ƙetaren teku

Asalin tuwon biri yankunan zafi ne na nahiyar Amurka, wato tsibiran Karebiyan da ƙasashen da ke kewaye da su. Wani marubuci ɗan Sifen mai suna Obiyedo ya siffanta shi tun shekarar 1526, daga nan jiragen Turawa suka bazu da irinsa zuwa gaɓar Afirka da Asiya. Wannan ba abin mamaki ba ne, don gwanda da gwaba da abarba da yazawa duk ta wannan hanya suka zo mana, mangwaro kuma daga Indiya. Yau yaro ba zai yarda cewa mangwaron ƙofar gidansu jikan baƙo ba ne. To amma baƙi hali-hali ne: wani ya zo ya saje da 'yan gari, wani har ya tsufa bai daina neman iskar garinsu ba. Tuwon biri yana cikin kashi na biyu.

Yana da dangi a wajenmu. Gwandar daji, wadda makiyaya ke tsinka a dazuzzukan kudancin ƙasarmu, 'yar gidansu ce, haka ma fasadabur da ake gani a wasu garake. Waɗannan biyun sun fi shi jure fari nesa ba kusa ba.

Zangon Kwatano

Mun yi wannan tafiya a ƙarshen daminar 2022, mun taso daga unguwar Zango ta Kwatano. Sunan unguwar kaɗai ya isa tarihi, domin daga zangon fatake ya samo asali, kuma har yau Hausa ake ji a kewayen babban masallacinta. A can tuwon biri ba abin kallo ba ne. Yana nan bayan ɗakuna, kusa da ayaba da kwakwa, babu mai yi masa ban ruwa, babu mai yi masa rumfa. Mata suna ɗora 'ya'yansa a faranti tare da abarba, ana ciniki kamar yadda muke cinikin goruba.

Dalilin wannan sauƙi a sama yake. Kwatano tana samun ruwan sama kusan milimita 1,300 a shekara, a damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Abin da ya fi ruwan saman ma muhimmanci shi ne laimar teku, wadda ba ta barin iska ta bushe ko da rani. Wanda ya shanya riga a can ya san abin da muke nufi.

Kakanninmu fatake sun san wani iccen kurmi da suka ƙaunata ba tare da sun iya shuka shi a gida ba, wato goro. Sun ratsa ƙasar Bargu, ta Nikki da Jugu, har Salaga a ƙasar Gwanja, suna ɗauko shi a naɗe cikin ganye, suna yayyafa masa ruwa wata da watanni har ya iso Kano da Katsina da Damagaram da ransa. Goro ya yarda da tafiya. Tuwon biri bai yarda ba: daga ranar da aka tsinke shi, kwana 4 ko 5 ya yi laushi, kwana biyu bayan haka ya lalace. Shi ya sa duk wanda ya ɗanɗana shi a kudu, tunanin farko da ke zo masa shi ne ya ƙulle ƙwallayen a gefen aljihu ya kai gida.

Hanyar arewa

Da barin Kwatano sai gonakin abarba na Alada, da kwakwar manja hagu da dama har Bohikon. A wannan yanki duk ƙauyen da mota ta tsaya, idan mutum ya leƙa bayan gidaje zai hangi iccenmu. Daga duwatsun Dasa da Sabe ƙasa ta fara buɗewa, kwakwa ta ja da baya, gonakin yazawa da doya suka karɓi hanya. A Faraku, inda layin dogo ya tsaya tun 1936 bayan kilomita 438 daga teku, damina ta koma ɗaya. Ruwan yana da yawa har yanzu, sama da milimita 1,100, amma rani ya fara tsawo, kuma hunturu yana isowa da ƙarfinsa. A nan muka lura tuwon biri ya bar bakin hanya ya shige cikin gidaje masu katanga.

Daga Faraku zuwa Kandi sai kaɗanya da ɗorawa da kuka, da gonakin auduga iya ganin ido. Kandi tana samun kusan milimita 1,000. Mun duba faranten masu talla a tasha, lemu ne da ayaba da gyaɗa. Kafin mu kai Malanbil, garin albasa da shinkafa, iccen ya ɓace daga ido ɗungum. Muka ƙetare gadar kogin Isa, wanda 'yan uwanmu na Nijeriya ke kira Kwara, muka shiga Gaya. Wannan gada ce aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu ƙetarewa suka koma ga jiragen ruwa.

Abin da hanya ta karantar da mu shi ne, ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ke korar wannan icce ba, don mangwaro ya raka mu tun daga teku har Doso bai gaji ba. Bushewar iska ce ke korarsa.

Garkar Gaya

Gaya ita ce kusurwar da ta fi ko'ina samun ruwa a Nijar, kusan milimita 800 a shekara, alhali Yamai tana tsakanin 500 da 600, Damagaram kuwa wajen 400. Ƙasar Dandi ce, ga kogi, ga fadamun Dallol Mawuri da dajin giginyarsa, ga rake da rogo da dankali da lemu. Idan akwai wurin da baƙon kurmi zai iya sauke kaya a ƙasarmu, to nan ne.

A wata garka da ke kusa da kogi muka tarar da guda uku. Mai garkar dattijo ne da ya yi shekaru yana kai albasa kudu. Bai jera su a fili kamar yadda ya jera lemu ba. Ya cusa su a tsakiya, mangwaro ta gabas, ayaba ta yamma, ga rijiya kusa, ƙasan kuma lulluɓe da busasshen ganye har ƙafa tana nutsewa. Da shigarmu wurin muka ji numfashi ya sauya, kamar an buɗe randa.

Muka ce, "Baba, wane taki kuke ba su?"

Ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, abinci kowa na iya ba shi. Sutura yake so. Ku tufatar da shi kafin ku ciyar da shi."

Wannan magana ita ce kan darasin. Wanda zai shuka tuwon biri a Yamai ko Maraɗi ko Tawa, aikinsa shi ne ya gina masa ɗan yankin garinsu a kusurwar gida. Sanyi ba shi ne abin tsoro ba a kudancin ƙasar, domin sai awon zafi ya sauko wajen digiri 5 yake cutar da shi, abin da sai a tsaunukan Ayar da sahara ake gani. Abokan gabarsa biyu ne: iskar hunturu mai tsotse laima, da ranar Afrilu da Mayu mai haura digiri 40.

Abin da tsakar gida za ta iya

Farko zaɓen wuri. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, guguwar farkon damina ma daga gabas take tasowa, saboda haka a nemi kusurwar da ɗaki ko katanga ta tare waɗannan ɓangarori, a ja baya da ita kamar mita 2. Ta yamma kuma, inda ranar la'asar ke duka, a kafa zana ko a shuka ayaba. Dabarar tare iska ba baƙuwa ba ce a wajenmu: mutanen kwarin Majiya, a wajen Buza, sun jera layukan dogon yaro tun daga 1975 don kare gonakinsu. Sai dai a cikin gida kada a matso da dogon yaro kusa, saiwarsa za ta cinye rabon baƙon.

Na biyu iri. A zaɓi ƙwallayen ɗan da ya nuna sosai, a wanke, a shuka su da wuri cikin leda mai huji, a ajiye a inuwa. Sukan tsiro cikin kwana 15 zuwa 30. Idan dashen ya kai tsawon kamu ɗaya, sai a jira damina ta zauna a dasa shi, domin ya sami watannin laima kafin jarrabawarsa ta farko. Ramin ya kai santimita 60 a zurfi da faɗi, a cika shi da ƙasar sama da takin da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Wurin da ruwa ke kwanciya bai dace ba.

Na uku shimfiɗa. Saiwar wannan icce ba ta nutsawa can ƙasa, a sama-sama take yawo, don haka rana tana gasa ta, fartanya kuma tana yanke ta. A rufe gindinsa da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshen ganye, a bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin iccen saboda gara. A kewaye shi da ƙaya ko waya, don ragon layya ba ya tambayar asalin icce.

Idan hunturu ya tsananta, yana iya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara. Kada a yi saurin ɗauko gatari. A kankare ɓawon reshe da farce, in an ga kore a ciki yana da rai, zai sake toho.

Na huɗu aure. Bayan shekara 3 zuwa 5 zai fara fure, wani fure mai kauri, ruwan ɗorawa-ɗorawa, da ke fitowa a jikin rassa har da gangar iccen. A nan mutane da yawa ke karaya, don furen yana zubewa ba tare da ya ƙulla ba. Dalili shi ne, a cikin fure ɗaya ɓangaren mace ke fara shiryawa, sai ya gama sa'an nan ɓangaren namiji ya saki garinsa. A ƙasarsa waɗansu ƙananan ƙwari ne ke ɗaukar garin daga wannan fure zuwa wancan, a wajenmu kuwa ba su da yawa, kuma busasshiyar iska tana ƙafar da danƙon da garin ke mannewa a kai. Maganin abin a hannunmu yake, kuma manoman dabino na Ingal da Bilma sun daɗe suna yin irinsa. Da yamma a tsinko furen da ya buɗe sosai, a sa a ƙaramin kofi a rufe da takarda. Da safe za a ga gari ya zuba. A ɗebo shi da gashin kaza ko ɗan burushi mai laushi, a buɗa furen da ya fara buɗe baki, wanda cikinsa ke da danƙo, a shafa a hankali ta ko'ina. Furen da ya fito cikin damina ya fi kamawa. Wannan aiki ne da yara ke so, kuma darasi ne da allon makaranta ba zai ba su kamarsa ba.

Daga ƙullawa zuwa nuna watanni ne, wajen 5. Cikin wannan lokaci a sa wa ɗan jakar takarda ko ƙyalle shara-shara, saboda ƙudan nan mai ɓata mangwaro, wanda asalinsa Asiya ne, aka fara ganinsa a Kenya a 2003, a Benin a 2004, ya kuma game yankinmu. Idan farin ƙwaro mai kama da auduga ya taru a jikinsa, a wanke da ruwan sabulun salo. Ana tsinka idan korensa ya fara haske kuma ƙayoyin sun baje, a bar shi ya ƙarasa laushi a ɗaki.

Lissafin ruwa

Yanzu ga maganar da ta wajaba maigida da uwargida su zauna su yi tun kafin a haƙa rami. A watannin zafi, icce matashi yana son kamar bokiti ɗaya mai lita 20 kowace rana. Kwana 90 na bazara ke nan lita 1,800, wato bido 72 mai lita 25. Gidan da ke da famfo zai gani a takardar ruwa. Gidan da ke saye wajen 'yan garuwa zai ji a aljihu. Gidan da 'yan mata ke ɗaukowa a ka kuwa, a wuyansu lissafin zai sauka, kuma ba adalci ba ne a ɗora musu nauyin marmarin da ba su aka shawarta ba.

Akwai ruwan da muke zubarwa kullum ba mu ƙirga shi. Gida mai mutum 8, idan kowa ya yi alwala sau 5 da lita ɗaya, lita 40 ke nan a yini, ninki biyu na buƙatar iccen. Wanda ya gyara wurin alwala ya ja ɗan lambatu zuwa gindinsa, ko ya ajiye kwano yana tarawa, ya sami ban ruwa ba tare da ƙarin ko dala ba. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ma haka. Amma ruwan wanki mai omo ko jabel, da ruwan da ke da gishiri ko kanwa, a nisanta su da shi. Wata dabarar ita ce a binne tulun ƙasa marar fenti kusa da saiwa, bakinsa a waje, a riƙa cika shi ana rufewa. Tulun yana tsatsafo da ruwa sannu a hankali, rana ba ta sha rabonta ba.

A kuma san abin da ake jira. Ko a ƙasarsa tuwon biri ba mai yawan haihuwa ba ne, 'ya'ya 12 zuwa 24 a shekara ake sa rai daga icce ɗaya, a wajenmu kuwa ƙasa da haka. Marmari ne na iyali da maƙwabta, ba jari ba ne. Wanda ruwansa bai kai ba, babu abin kunya idan ya zaɓi fasadabur ko gwaba ko lemun tsami, ko magaryar aure mai manyan 'ya'ya da ake kira tuffar Sahel, wadda cibiyar bincike ta Sadore ta yaɗa. Waɗannan sun san halin ƙasarmu.

Ganye da maganar magani

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo abin da ya sa sunan wannan icce ya cika wayoyinmu. Ana tura saƙonni cewa ganyensa yana warkar da ciwon daji, har ana sayar da busasshensa da tsada ga iyalan da ke cikin tashin hankali. Gaskiyar da aka sani ita ce, an gwada sinadaransa a ɗakunan bincike, a kan ƙwayoyin cuta cikin kwalba da kuma dabbobi, amma babu gwajin da ya tabbatar cewa yana warkar da ɗan Adam daga wannan ciwo. Haɗarin da ya fi girma shi ne jinkiri: uwa ta ji ƙullutu a nono, a tsaya dafa ganye wata shida, sai an je asibiti a ce an makara. Tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta sami na'urar ƙona ciwon da haske, kuma ciwon da aka tara da wuri ya fi jin magani.

Bugu da ƙari, a 1999 likitoci a tsibirin Gwadalup, wanda ke ƙarƙashin Faransa, sun ba da rahoton wani ciwo mai kama da na karkarwar jiki da ake kira Fakinsan a tsakanin mutanen da suka daɗe suna shan shayin ganyen da cin 'ya'yan wannan dangi. Bincike ya nuna wani sinadari a cikinsu mai suna anonasin yana illa ga ƙwayoyin jijiya. Saboda haka a ci ɗan iccen jefi-jefi kamar kowane marmari, kada a mai da ganyensa shayin kullum. Ƙwallayen kuwa guba ne: a cire su tas kafin a markaɗa, kada yara su tauna, kada garinsu ya shiga ido.

Ya ku masu karatu, wanda Allah ya hore wa kusurwa mai katanga da ruwan da zai iya raba wa baƙo, ya gwada, ya sa yaransa cikin aikin tun daga ƙwallo har aure. Wanda ya sami 'ya'ya ya tuna da maƙwabcin da reshen ya leƙa gidansa, ya kuma ajiye ƙwallaye don mai nema. Wanda ya riga ya shuka a garinsu, muna roƙon ya rubuto mana yadda iccen ya yi da hunturun bana, domin na Gaya da na Tawa su ƙaru da juna. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa abin da muka dasa ya amfani na bayanmu.